Cire Alamomin HTML Tare da Kiyaye Rubutu: Matsayin Haruffa Masu Ƙugiya a Shagunan Kwamfuta na Fagge da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

HTML shi ne harshen da ake tsara shafukan intanet da shi. Asalinsa rubutu ne zalla, sai dai ana cusa masa alamomi a tsakanin < da > domin su gaya wa burauza matsayin kowane yanki: nan kanu ne, nan sakin layi ne, wannan kalma a kaurara ta. Tim Berners-Lee ya fitar da bayaninsa na farko a 1991 lokacin da yake aiki a cibiyar CERN kusa da Janiba, kuma alamomin da ke ciki 18 ne kacal. A yau sun haura 100. Yawancinsu tagwaye ne, mabuɗi da marufi, rubutun kuma yana zaune a tsakaninsu, kamar <b>Kano</b>. Mabuɗin kan ɗauki sifofi da ke ƙara bayani, irin su launi, girma, harshe ko sunan salon harafi.

Sau da yawa mai shirya manhaja yana son rubutun amma ba ya son alamar da ta kewaye shi. Aikin yana da kamar sauƙi, domin a wasu harsunan shirya manhaja umarni guda ke yin sa. Wannan maƙala ta tsaya a kan cewa a rubutun Hausa sauƙin nan yaudara ne. Akwai alamomin da a Ingilishi ado ne kawai, amma a Hausa su ne ke riƙe da harafin kansa, kuma idan aka cire su kafin a karanta abin da suke ɗauke da shi, babu hanyar dawo da shi sai da hasashe.

2.0 Inda cunkoson alamomin yake fitowa

Ƙaramar hukumar Fagge ta ƙunshi Sabon Gari, unguwar da ta kafu wajen 1913 bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da kuma manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari, Singa da Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. A Fagge ne kuma kamfanin Triumph ya taɓa zama a Gidan Sa'adu Zungur daga 1980, inda ya buga Albishir da boko, Alfijir kuma da ajami. Yanki ne da rubutu ke yawo a cikinsa da harsuna da dama: Hausa, Ingilishi, Larabci, Ibo da Yarbanci. A tsakanin kasuwannin akwai shagunan buga takardu da kwamfuta, kafe-kafe da ƙananan maɗaba'u, inda ake buga katin biki, kundin ɗalibai, jerin farashin kaya, tsarin taron coci, da littattafan hikaya na adabin kasuwar Kano da suka bunƙasa tun tsakiyar shekarun 1980.

Sau da yawa wannan aiki a Microsoft Word ake fara shi. Matsalar tana tasowa ranar da aka ce a ɗora shi a intanet. Idan aka kwafo sakin layi daga Word aka liƙa a WordPress ko wani makamancinsa, ba kalmomin kaɗai ke tahowa ba. Suna zuwa da class="MsoNormal", da alamar <o:p> wadda ba ta cikin HTML ma, da dogayen sifofi masu farawa da mso-, da <span> a cikin <span>. Word yakan kuma liƙa wa rubutun Hausa lang=EN-US ko EN-GB, don kawai harshen da aka saita wa kwamfutar ke nan. Google Docs yana da tasa ɗabi'ar: yakan naɗe dukkan abin da aka kwafo a cikin alamar <b> guda, sannan ya sa mata sifar da ke soke kaurin. Wanda ya goge sifofi ya bar alamar zai tarar dukkan shafin ya yi kauri. Tsofaffin shafuka kuwa cike suke da <font>, alamar da aka daina ba da shawarar amfani da ita tun HTML 4.0 na 1997, amma har yanzu burauza na karanta ta.

3.0 Warwarewa da tumɓukewa

Kalmar cirewa tana ɗauke da ayyuka biyu da ya wajaba a raba su. Na farko shi ne warwarewa: a zare mabuɗi da marufi, a bar abin da ke ciki a daidai wurinsa. Na biyu shi ne tumɓukewa: alamar ta tafi da duk abin da ta ƙunsa. Alamomin ado irin su <span> da <font> warware su ake yi. Alamomin <script> da <style> kuwa tumɓukewa suke buƙata, domin abin da ke cikinsu umarni ne ga na'ura, ba zance ne ga mai karatu ba.

Umarnin strip_tags na PHP, wanda ya yaɗu a ƙananan shafuka, warwarewa kawai ya iya. Idan ya gamu da <style> sai ya zare alamar ya bar umarnin launi da girma a tsakiyar labari. Saboda haka WordPress ya samar da wp_strip_all_tags, wanda ke fara tumɓuke <script> da <style> kafin ya warware sauran.

4.0 Dalilin da ya sa regex ba ya isa

Abin da mai koyo ke fara kamawa shi ne regex, wato tsarin neman zubin haruffa a cikin rubutu. Sai ya ce: duk abin da ya fara da < ya ƙare da >, a goge. A kan ɗan gajeren rubutu mai tsabta wannan yana aiki, kuma nan ne haɗarin yake, domin yana sa a amince da shi.

Alamar < tana fitowa a rubutu ba tare da ta zama alamar HTML ba. Malamin lissafi da ya rubuta 3 < 5 a farkon layi, ya rubuta 9 > 4 a ƙarshensa, zai tarar an haɗiye duk abin da ke tsakani. Alamar > kuma tana iya zama a cikin sifa, sai gogewar ta tsaya a rabin hanya ta bar wutsiya. Babbar matsalar ita ce alamomi na shiga cikin juna ba iyaka. Tun a 1956 Noam Chomsky ya rarraba harsuna bisa ƙarfin nahawunsu, kuma a wannan rabo zubin regex na asali ba ya iya riƙe lissafin mabuɗi nawa aka buɗe da marufi nawa aka rufe. Idan ana son a warware <span> mai wata sifa kaɗai a bar sauran, regex ba zai gane wane </span> ne nasa ba. Ga kuma HTML na zahiri, wanda sau da yawa a karye yake: mabuɗi ba marufi, marufi a juye. Ƙa'idar HTML5, wadda ƙungiyar W3C ta tabbatar a watan Oktoba na 2014, ta fayyace dalla-dalla yadda burauza za ta gyara irin wannan karaya. Regex bai san wannan ƙa'ida ba.

5.0 Aiki a kan bishiya

Hanyar da ta inganta ita ce a miƙa shafin ga manhajar da ke feɗe HTML ta mayar da shi bishiya, kowace alama ta zama reshe, rubutun kuma ya zama ganye a kan reshensa. A wannan siffa warwarewa na nufin a ɗauko 'ya'yan reshe a dasa su a gurbinsa. A Python, Beautiful Soup da Leonard Richardson ya fara fitarwa a 2004 yana da unwrap domin warwarewa da decompose domin tumɓukewa:

for alama in shafi.find_all(["script", "style"]):
    alama.decompose()
for alama in shafi.find_all(["span", "font"]):
    alama.unwrap()
shafi.smooth()

Layin ƙarshe yana haɗe gutsattsarin rubutun da suka rage maƙwabtan juna su koma guda. A JavaScript ana rubuta alama.replaceWith(...alama.childNodes), sannan a kira normalize a kan uwar reshen. A Java, jsoup yana da nasa unwrap. A lxml akwai drop_tag da drop_tree.

Kowane ɗayansu yana da ramin da ake yawan faɗawa. A burauza, jerin da getElementsByTagName ke bayarwa yana canzawa yayin da ake cire alamomi, don haka wanda ke bin sa ɗaya bayan ɗaya zai riƙa tsallake ɗaya cikin kowane biyu. querySelectorAll ba ya da wannan, domin jerinsa a tsaye yake. A lxml kuwa rubutun da ya biyo bayan marufi ana ajiye shi ne a jikin alamar da ta gabace shi, sai ya zama wanda ya tumɓuke alamar ba da lura ba ya tafi da sauran jimlar.

6.0 Alamar font da haruffa masu ƙugiya

Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, a zamanin Rupert East da hukumar fassara da talifi ta Zariya, kuma da su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo daga watan Janairu na 1939. A Nijar ana ƙara ƴ, inda a Nijeriya ake rubuta 'y. Ba kwalliya ba ne. Su ke raba kafa da ƙafa, fada da faɗa, baki da baƙi.

Da kwamfuta ta iso shagunan Kano, allon madannanta ba shi da waɗannan haruffa. Mafitar da aka samu a shekarun 1990 ita ce salon harafi na musamman. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro irin waɗannan, ciki har da wanda aka sani da Rabi'at, kuma sun yi wa marubuta da maɗaba'u aiki ƙwarai. Dabarar ita ce a ɗauki madannin da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana harafi mai ƙugiya a gurbinsa. Tsari biyu suka fi bazuwa. A ɗaya, } ke fitowa a matsayin ƙ, { a matsayin Ƙ, ] a matsayin ɗ, [ a matsayin Ɗ, ~ kuma a matsayin ɓ. A ɗayan, q ne ƙ, x ne ɗ, v ne ɓ. A fuskar kwamfuta da kan takarda komai yana fita daidai. A cikin fayil kuwa abin da aka ajiye shi ne }asa ko qasa, ha~aka ko havaka, ]aya ko xaya. Duk mai karanta kundayen digiri da tsofaffin jaridun Hausa a intanet ya saba cin karo da irin waɗannan kalmomi.

Abin da ke gaya wa na'ura cewa wannan } ƙ ce shi ne sunan salon harafin, kuma sunan yana zaune ne a cikin <font face="..."> ko a sifar style ta <span>, wato ainihin alamomin da kowane jagoran tsabtace HTML ke cewa a fara zubarwa. Kamar dilar atamfa ce a Kantin Kwari: buhunta abin yarwa ne, amma a jikinsa aka rubuta irin kayan da yawansu, kuma ba wanda ke yaga shi kafin ya karanta.

Ana iya cewa ai ba komai, bayan an warware sai a bi rubutun duka a mayar da kowace q ta koma ƙ. Wannan yana ɓata abin da bai kamata a taɓa ba. Mai bugawa da ya zo kan kalmar Ingilishi ko sunan waje yakan sauya salon harafi zuwa Times New Roman domin q, x da v su fito yadda suke. Idan aka musanya gaba ɗaya, VOA za ta koma ƁOA, adireshin imel mai x zai lalace, jerin manazarta na Ingilishi a ƙarshen kundi kuma ya zama abin da ba ya karantuwa. A ɗaya tsarin, baka mai kusurwa ta gaskiya da marubuci ya sa domin rubutun furuci, abin da ya yawaita a nazarin harshe, za ta koma Ɗ da ɗ. Iyakar alamar font ita ce kaɗai shaidar da ke raba q ɗin da ke nufin ƙ da q ɗin da ke nufin kanta.

Saboda haka tsarin aikin ya zama dole ya juya. A fara bin bishiyar, a gano kowane ganye da salon harafin Hausa ke mulki a kansa, a musanya haruffansa zuwa lambobin Unicode na dindindin, sannan a warware alamar. Lambobin su ne U+0253 ga ɓ, U+0257 ga ɗ, U+0199 ga ƙ, U+01B4 ga ƴ, manyansu kuma U+0181, U+018A, U+0198 da U+01B3. Gano salon da ke mulki yana da nasa sharuɗɗa. Salon harafi gado ake yin sa daga uwar reshe zuwa 'ya'ya, don haka dole a hau sama daga ganyen har a iske alama mafi kusa da ta ambaci salo. Kuma a fayil ɗin da Word ya fitar, sau da yawa sunan salon ba ya jikin sakin layin, yana can sama a cikin <style> an ɗaura shi a kan sunan aji. Ke nan ko <style> ɗin ma, wanda aka ce tumɓuke shi ake yi, sai an karanta shi tukuna.

Idan rubutun ya riga ya rasa alamominsa, abin da ya rage shi ne a gwada kowace kalma da ƙamus: in musanyar ta haifar da kalmar Hausa sananniya a karɓa, in ba haka ba a ajiye wa mutum ya duba. Wannan gyara ne na bayan ɓarna, kuma sunayen mutane da garuruwa sukan zille masa.

7.0 Iyakar kalma da ma'anar da alama ke ɗauka

Ko a rubutun da aka buga da Unicode tun farko, haruffa masu ƙugiya suna jawo wata matsalar. Idan salon harafin da ake aiki da shi ba shi da ƙ, Word yakan aro ta daga wani salon, sai kalmar ta fita a rabe: <span>ƙ</span>asa. Mai tsabtacewa da ya saba sa fili a gurbin kowace alama, kamar yadda get_text(" ") ke yi a Beautiful Soup, zai samu ƙ asa. Wanda ya ƙi sa fili ko'ina kuma zai samu ƙarshen sakin layi manne da farkon na gaba, kanun labari manne da kalmarsa ta farko.

Babu saiti guda da ke magance duka biyun. Alamomi iri biyu ne. Na cikin layi, irin su <span>, <font>, <b> da <i>, ana zare su ba tare da an bar komai a gurbinsu ba. Masu yanke layi, irin su <p>, <div>, <li>, <br> 
 da kanun labari, dole su bar sabon layi. Ɗakunan jadawali su bar tazara, in ba haka ba jerin farashin ɗan kasuwa da ke da yadi 5 a ɗaki ɗaya da 8,000 a na kusa zai koma 58,000.

Rubutacciyar waƙa ta fi kowa cutuwa a nan. Ɗango da ɗango <br> 
 ke raba su, baiti da baiti kuma <p>. Waƙa 'yar ƙwar biyar da aka zare wa waɗannan ta zama zube, amsa-amonta ya nutse a tsakiyar layi, mai nazarin kari kuma ya rasa inda zai yanka.

Akwai kuma alamomin cikin layi da cire su ke sauya zance. Lambar tushen bayani da ke cikin <sup> idan ta sauko layi sai ta manne da abin da ya gabace ta, 1980 mai lamba 3 a kanta ta koma 19803. Tsohon farashi da aka soke da <del> ko <s> yana dawowa da rai idan aka warware shi, sai mai saye ya ga farashi biyu a jere bai san wanne ne ba. Irin wannan ko dai a tumɓuke shi ko a bar alamar. Sai dai <s> tana da wani aiki a Nijeriya: masu bugawa da yawa N suke rubutawa su ja mata layi a madadin ₦. Wanda ya yanke hukuncin tumɓuke duk <s> zai share alamar kuɗin daga kowane farashi. Abin da ya dace shi ne idan abin da ke ciki N ce tilo kuma lamba ta biyo, a mayar da ita U+20A6. Mahaɗa ta <a> ma haka: kalmomin danna nan ba su da amfani bayan adireshin da ke ƙarƙashinsu ya tafi.

8.0 Lambobin haruffa

A cikin HTML ana iya rubuta harafi da lambarsa: &#409; ita ce ƙ, &#599; ita ce ɗ, &#595; ita ce ɓ. Zare alamomi ba ya taɓa waɗannan, sai an fassara su daban. Manhajar feɗewa tana yin hakan da kanta. Mai aiki da strip_tags kuwa sai ya bi da html_entity_decode, kuma bayan cirewa ake yin sa. Idan aka gabatar da shi, &lt; da marubuci ya sa da gangan za ta koma <, a ɗauke ta a matsayin alama a goge. Akwai kuma &nbsp;, filin da ba ya karyewa, wanda masu bugawa ke jerawa domin tura rubutu tsakiya. A ido fili ne, amma lambarsa U+00A0 ce, kuma bincike na iya kasa gane kalmomi biyu da ya raba.

A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Manhajar da ta karanta su da tsarin Windows-1252 za ta nuna Æ™, ɗ kuma ta fito É—. Tsohon DOMDocument na PHP yana faɗawa irin wannan kuskure idan shafin bai ambaci tsarinsa ba, domin yana ɗaukar ISO-8859-1 ne. PHP 8.4 na watan Nuwamba 2024 ya kawo Dom\HTMLDocument da ke bin ƙa'idar HTML5, amma shafuka da yawa suna kan tsohon zubi.

Mafi muni shi ne matakin da ake yawan liƙawa a ƙarshen tsabtacewa, na zubar da duk harafin da ba ya cikin ASCII. Ga Ibo da Yarbanci, waɗanda maɗaba'un Sabon Gari ke bugawa kullum, ọ da ẹ da ṣ suna rabuwa gida biyu, ɗigon ya faɗi, harafin ya tsira. Asara ce, amma kalmar na nan da siffarta. Haruffan Hausa masu ƙugiya ba sa rabuwa a Unicode, kowanne guda ne, don haka ɗungurungum suke ɓacewa: ƙasa ta koma asa, ɗalibi ya koma alibi. Wannan mataki ba shi da gurbi a kowace manhaja da za ta taɓa rubutun harsunan Nijeriya.

Alamar ɗauri ta 'yan, 'ya'ya, jama'a da sana'a ita ma harafi ce a Hausa. Word yana lanƙwasa ta da kansa, kuma a farkon kalma yakan juya ta ta zama mabuɗin zance, U+2018, a tsakiya kuma U+2019. Kalma guda sai ta samu siffa uku ko huɗu a rumbun bayanai. Ya kamata a zaɓi siffa ɗaya a mayar da sauran gare ta, da sharaɗin a bambanta ta da alamar zance ta gaskiya.

9.0 Ajami

A shafin da ya haɗa boko da ajami ko Larabci, sifar dir="rtl" ce ke tsayar da alkiblar rubutu daga dama zuwa hagu, lang="ha-Arab" kuma ke shaida cewa Hausa ce da haruffan Larabci. Sau da yawa a jikin <span> ko <div> suke, alamomin da ake gani ba su da aiki. Idan suka tafi, haruffan kansu suna bin alkiblarsu, amma aya, baka da lambobi sukan koma gefen da ba nasu ba. Sifar harshe kuma da ita shafi ke iya zaɓar salon da ya dace, kamar Alkalami na ƙungiyar SIL, wanda aka zana bisa rubutun hannu na yankin Kano. Unicode 13.0 na 2020 ya ƙaro haruffan da ajamin Hausa ke buƙata, don haka jerin haruffan da manhaja ta yarda da su, in tsoho ne, zai zubar da su. A nan sifofi biyu ne za a kiyaye, dir da lang, ko da an goge duk sauran. Lang ɗin da Word ya liƙa wa boko bisa kuskure kuwa gyara shi ake yi zuwa ha.

10.0 Tsaro

Idan rubutun daga hannun baƙo ya fito, kamar fom ɗin rajista ko saƙon mai saye, cire alamomi ya zama batun tsaro. A watan Oktoba na 2005 wani ɗan guntun JavaScript da aka ɓoye a shafin MySpace, wanda aka sani da Samy, ya bazu zuwa asusu sama da miliyan ɗaya cikin ƙasa da kwana guda, duk da cewa shafin yana toshe <script>. Toshe sanannun miyagu ba ya isa, domin hanyoyin ɓoye umarni sun fi a lissafa. Gogewa sau ɗaya ma tana iya haifar da abin da ake gudu: <scr<script>ipt> idan aka zare na tsakiya, gefe biyun sun haɗu sun zama alama cikakkiya. strip_tags kuma idan aka ce ya bar <a> ko <b>, yana barin su da dukkan sifofinsu, har da onclick.

Ƙa'idar da ta tabbata ita ce a lissafa abin da aka yarda da shi, alamomi da sifofi, duk abin da ba ya cikin lissafin ya fita. DOMPurify na kamfanin Cure53 a Jamus, HTML Purifier a PHP da wp_kses a WordPress a kan haka suke aiki. Bleach na Mozilla, wanda aka daɗe ana dogaro da shi a Python, masu kula da shi sun sanar a Janairun 2023 cewa sun daina ciyar da shi gaba. Waɗannan manhajoji domin tsaro aka gina su, ba su san } tana iya zama ƙ ba, kuma da zarar an ce su zubar da font da style za su zubar. Gyaran haruffa dole ya gabace su, su kuma su zama mataki na ƙarshe, ba a sake taɓa rubutun bayansu.

11.0 Gwajin sakamako

Kuskuren tsabtacewa ba ya ƙara, ba ya tsayar da manhaja, shi ya sa sai an neme shi da gangan. Gwaji mafi arha shi ne ƙidaya. Rubutun Hausa mai shafuka da babu ƙ ko ɗ ko ɗaya a cikinsa ya nuna ko dai an zubar da su, ko suna ɓoye a wata siffa. Yawan }, ], ~ ko q a tsakiyar kalmomi ya nuna tsohon salon harafi da ba a musanya ba. Æ da É a jikin kalmar Hausa sun nuna rikicin tsarin lambobi. Harafi mai ƙugiya tsaye shi kaɗai tsakanin fili biyu ya nuna an sa tazara a gurbin alamar cikin layi. Ƙaramin harafi, aya, sannan babban harafi ba fili sun nuna sakin layi biyu sun manne. Adadin layukan waƙa kafin aiki da bayansa ya kamata ya zo ɗaya.

Wannan ya shafi masu tattara rubutun Hausa daga intanet domin ƙamus, fassarar na'ura da binciken harshe, irin aikin da ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP ke yi, domin matakinsu na farko shi ne raba rubutu da HTML, kuma kalma guda da ta rabu zuwa ƙasa, qasa, }asa da asa na'ura kalmomi huɗu take ƙirga ta. Ga shagon da ke karɓar aikin mayar da tsohon littafi ko kundi zuwa intanet, fayil ɗin Word na asali da HTML ɗin da ya fito daga gare shi a ajiye su yadda suke, tare da kwafin salon harafin da aka buga su da shi, a gudanar da tsabtacewa a kan kwafi. Idan daga baya aka gano wani tsarin madannai da jadawalin musanya bai ƙunsa ba, sai a ƙara shi a sake gudanar da aikin daga asalin.